Yadda na ɓoye ramin miliyan biyu har jikina ya tona min asiri

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son rubuta wannan abin amma duk sanda na ɗauki waya sai in ji nauyi in ajiye, don har yau akwai 'yan uwana na jini da basu san cikin labarin ba, sun dai san na taɓa aiki a Marwa da ke arewacin Kamaru na dawo ba lafiya, shikenan. Abinda ya sa na daure yau, satin da ya wuce wani yaro ɗan unguwarmu ya kawo min takardar neman ma'aikata a wayarsa, an rubuta da Faransanci ana neman komersiyal, wato mai yawo da kayan kamfani yana sayar wa 'yan kasuwa, a ƙasa kuma an sa sharaɗi wai dole mutum ya zama mai iya aiki cikin matsi. Yaron yace min, Yaya ai wannan ni ba matsala bane, ni bana magana, duk abinda aka min haɗiyewa nake. Wallahi da ya faɗi haka sai da gabana ya faɗi, don maganar da na yi kenan da bakina a 2013 ranar da aka ɗauke ni aiki, kusan kalma da kalma.

A Garwa aka haife ni a 1989, gidanmu ba nisa da babbar kasuwa. Baba yana da shagon yadi da atamfa, yana sarowa daga Najeriya ta wajen Mubi, ni kuma ni ne babban ɗa namiji cikin mu bakwai don haka tun ina firamare in an tashi a shago nake yini. A nan na koyi ciniki ba a makaranta ba, Hausa a gida, Fulatanci a kasuwa, Faransanci a aji, kafin in kai shekara sha biyar ina iya tsayawa da mutum da kowanne cikin ukun nan har ya ciro kuɗi. Baba Allah ya jiƙansa mutum ne da ba ka taɓa ganin damuwa a fuskarsa, ko kasuwa ta yi ko bata yi ba fuskar nan ɗaya ce, kuma kullum abinda yake faɗa min shine namiji baya kai kukansa gida. Na ɗauki maganar nan na riƙe ta kamar karatu. Ya rasu a 2008, kwanciyar kwana huɗu kawai, kuma ranar sadakar bakwai muna zaune a ƙofar gida sai ga mutane suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, in sun gama gaisuwa sai su ja Kawu gefe. Ashe bashi ne. Shagon da muke gani cike da kaya rabinsa na mutane ne, kuma ko Inna bata sani ba. Aka sayar da komai aka biya, shagon ya fita hannunmu.

Daga nan karatu ya watse min, sau biyu ina faɗuwa probatuwar, wato jarrabawar shiga ajin ƙarshe na sakandare, na haƙura na karɓi mashin ɗin wani ina klando, wato acaɓa, ina kai masa balas kullum da yamma, wani lokacin kuma in taya abokina sayar da zuwa-zuwa, wato man fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya ta bayan fage, a bakin titi. Shekara huɗu a haka. A farkon 2013 wan abokina ya yi min hanya a wani kamfani da ke Duwala mai depo, wato wurin ajiyar kaya, a Garwa, suna raba sabulu da man girki da tumatirin gwangwani da madara da taliya. Albashi sefa dubu 60 a wata, in ka cika objektif, wato adadin cinikin da aka yanka maka, kuma akwai pirim, wato kuɗin tukwici, a kai da kan iya ninka albashin. A lokacin da mafi ƙarancin albashi a Kamaru bai kai dubu 40 ba, ni wannan gani nake kamar an buɗe min ƙofar arziki.

Bari in ɗan bayyana yadda aikin yake don wanda bai sani ba, saboda daga waje abinda ake gani shine riga mai tambarin kamfani da mota. Kaya suna taso wa daga Duwala, jirgin ƙasa ya kawo su Ngaundere inda layin dogo ya ƙare, daga nan manyan motoci su ɗauko zuwa depo. Kowane komersiyal ana yanka masa yankinsa da adadin kuɗin da dole ya sayar a wata, shine objektif. Ranar Litinin da safe akwai taro, akwai allo da sunan kowa da lambarsa a gaba, wanda ya gaza a gaban kowa za a tambaye shi dalili. Kullum da yamma shef, wato oganka, zai kira ka, ko sallama wani lokacin babu, nawa ka yi yau. Ni yankina na farko Pitowa ranar Lahadi, Adumri ranar Alhamis da ake cin kasuwar shanu, sauran kwanakin Figil da Gidar da butik-butik, wato ƙananan shaguna, na cikin gari. Kasuwarmu ta arewa kuma tana da numfashinta, in an biya manoma kuɗin auduga kaya har nema suke ka rasa, azumi ya zo sukari da madara da mai su tashi, amma in damina ta yi tsakiya wajen Yuli da Agusta rumbu ya kusa ƙarewa hanyoyin ƙauye sun lalace, ko watan Satumba da kowa ke neman kuɗin makarantar yara, sai ka yini kana yawo kwali goma basu sauka ba. Objektif dai yana nan yadda yake. Sai babban abin, wanda a ranar farko ba a tsaya an fahimtar da ni ba: yawancin 'yan kasuwa basa biya hannu da hannu, ka sauke musu kaya sai bayan sati ɗaya ko biyu ka dawo karɓar kuɗi, kuma faktir ɗin da aka rubuta, wato takardar lissafin kayan, sa hannunka ne a ƙasa. In mai shago bai biya ba kamfani bai san shi ba, kai ya sani.

Shekarar farko na yi ƙoƙari kam, ba yabon kai ba. Rana ta Garwa a watan Maris da Afrilu da take wuce digiri 40 ina cikinta, a zage ni in yi dariya, mai shago ya kore ni gobe in dawo in gaishe shi da iyali. Wata tara cikin sha biyu na cika objektif. Wata Litinin shef ya nuna ni a gaban kowa yace ku kalli yaron nan, dutse ne, bai taɓa kawo min ƙorafi ba. Maganar ta shige ni sosai, na ji kamar Baba ne yake yabona, kuma daga ranar na ɗaura wa kaina cewa duk rintsi ba za a ji ƙorafi daga bakina ba. Ƙarshen shekarar na yi aure, farkon 2014 aka ƙara min girma aka tura ni Marwa da yanki babba, Mora da Amshide har zuwa Kusiri a bakin gadar shiga Njamena.

Duk wanda ya san Amshide kafin rikici ya san me nake nufi, gari ne da ya haɗe da Banki ta Najeriya, taku kaɗan ka tsallaka, kuɗi na yawo sefa da naira, motoci cike da kaya suna wucewa zuwa Cadi dare da rana. Kwastoma ɗaya a can yana ɗaukar abinda butik ashirin basa ɗauka a Garwa. To wata uku kacal na ci moriyar wannan. A watan Mayu na 2014 aka sace 'yan Sin ɗin nan goma masu aikin hanya a Waza, ƙarshen Yuli aka kai hari Kolofata, kafin shekara ta ƙare Banki ta faɗa hannun Boko Haram Amshide ta zama filin daga, mutane suka watse kowa ya kama gabansa. Hanyar Mora zuwa Kusiri sai da rakiyar sojoji, ka je ka jira a tara motoci kafin a tashi. Akwai wani Alhaji a Amshide, mutumin kirki ne wallahi bai taɓa saɓa min rana ba, na sauke masa kayan dubu 900 sati biyu kafin garin ya tashi. Na kira wayarsa ya fi sau ɗari a kashe. Har yau ban san ko yana raye ba, kuma ban taɓa riƙe shi a zuciya ba don wanda yake gudun ceton ransa da 'ya'yansa ba faktir ne a gabansa ba.

Sau ɗaya na gwada yi wa sabon shef ɗina maganar, ban ma faɗi adadin ba, cewa kawai na yi akwai kwastomomin bakin iyaka da suka ɓace. Ya ɗago ya kalle ni yace kai ma ka fara? An ce min kai ba ka da irin wannan. Sai na yi murmushi nace a'a shef, zan san yadda zan yi. Yanzu in na tuna bana ganin laifinsa shi kaɗai, shi ma daga Duwala ake kiransa kullum kamar yadda yake kirana, mutanen can kuma a jarida kawai suke jin labarin abinda ke faruwa da mu. Amma da na tsaya a ranar na buɗe littafin na nuna masa dubu 900 ɗin nan baƙi da fari, iyakaci a yi min faɗa a riƙa cire wani abu a albashina, don kowa ya san abinda ya sami Amshide. Kunya ce ta hana ni, da son a ci gaba da kirana dutse.

Ga abinda na yi, kuma ina faɗinsa dalla-dalla ne don na san a yanzu haka akwai masu yinsa suna ganin dabara ce. In na karɓo kuɗi wajen kwastoman Mora sai in zuba su a kes, wato asusun kamfani, da sunan Alhajin Amshide, a takarda ya zama ya biya, shi kuma na Mora ya zama bai biya ba tukuna. Sati mai zuwa in karɓo na wani a Marwa in rufe na Mora. Ramin yana nan, wuri kawai yake canzawa, kuma ni kaɗai na san inda yake a kowace rana, ina da wani ƙaramin kaye, wato littafin rubutu, da nake ɓoyewa cikin murfin kujerar mashin a nan nake rubuta gaskiyar lissafi. Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Amma don ramin ya ci gaba da yawo dole kaya su ci gaba da fita, don haka na fara bada bashi ga mutanen da a da ko kwali ɗaya ba zan bar musu ba. Ƙarshen wata in objektif ya rage saura kaɗan sai in fasa farashi, kwalin da kamfani ya sa dubu 10 in bada shi dubu 9 da ɗari biyar in cika sauran daga aljihuna, wai don in samu pirim in rage ramin, alhali abinda na cika ya kusa cinye pirim ɗin. Na shiga adashi biyu na kwashe na zuba. Na ci bashin wani mai bada kuɗi da ruwa, ina sane haramun ne, na je da daddare don kar a gan ni. A allon Litinin kuma sunana na sama, ana tafa min.

Akwai rana ɗaya da bana son tunawa amma in ban faɗe ta ba labarin bai cika ba. Ranar Laraba 22 ga Yuli 2015, kwana kaɗan bayan ƙaramar sallah, bam ya tashi a babbar kasuwar Marwa wani kuma a unguwar Barmare. Ina kan hanyar shiga kasuwar da jakar kuɗi a kafaɗa na ji ƙarar, ƙura ta tashi mutane na gudu suna salati, mata na kiran sunayen 'ya'yansu. Na tsaya jikin wani bango ƙafafuna na rawa, kuma wallahi tallahi abinda ya fara zuwa raina ba matata bace ba mutanen da suka mutu bane, lissafi na fara yi, mutum uku nake bi bashi a layin nan, in sun mutu ramin ya zama nawa. Da na farga da abinda zuciyata take yi sai na durƙusa a wurin na fashe da kuka, mutane na tsammanin wani nawa ne ya rasu. Ranar na gane abin nan ya taɓa min wani wuri da ya fi aljihu, amma duk da haka washegari na saka rigar kamfani na fita, bakina a rufe.

Jiki kuwa ya daɗe yana bani labari. Ciwon kai ta ƙeya kamar an ɗaura min dutse, barci in ya yi yawa awa uku, ƙarfe biyun dare ina zaune a tsakar gida da tocilan ina jujjuya kaye. Wayata in ta yi ƙara sai cikina ya murɗa ko da Inna ce ke kira. Yaron motarmu ya ga ina layi da rana ya miƙo min tramol yace Oga sha wannan za ka ji ƙarfi, na sha, na kuma ji ƙarfin, daga ɗaya na koma biyu a rana. Sallah ina yi amma sau da yawa ban san raka'a nawa na yi ba. Matata tana da ciki na fari a lokacin, yarinya ce ƙarama an raba ta da danginta an kawo ta garin da bam ke tashi, da dare sai ta zauna kusa da ni tace Malam don girman Allah me ke damunka, ko ni ce na yi maka wani abu? Sai in ce ba komai gajiya ce. Ranar da ta matsa na daka mata tsawar da har maƙwabta suka ji, ta shiga ɗaki tana kuka, ni kuma na zauna ina gaya wa kaina ai rufa mata asiri nake, me mace mai ciki za ta yi da labarin bashi.

Watan Afrilu 2016, ranar Lahadi kasuwar Mora, zafi kamar wuta. Ina tsaye ina ƙirga kwalayen sabulu da ake saukewa sai na ga lambobin jikin kwalin suna rabuwa biyu, kunnena ya toshe, daga nan ban san komai ba. Na farka a gadon asibiti da ƙarin ruwa a hannu, ma'aikacin jinya yana ce min tansiyonka, wato awon hawan jininka, ya kai 19, shekararka nawa? Nace 27. Ya girgiza kai yace Allah ya so ka da rahama bai taɓa maka ɓarin jiki ba. Ni kuwa tambayata ta farko ina jakata. Ashe direba ya yi abinda ya dace, ya kwashi jakar da littafin faktir ya kai depo. Kwana uku ina kwance aka tura wani ya zagaya yankina karɓo kuɗi, duk shagon da ya shiga sai a ce ai mun biya tun wancan satin, ga rasit. Kafin a sallame ni sun gama haɗa lissafi: mankan, wato giɓin kuɗi, na sefa miliyan 2 da dubu 340. Dubu 900 ne suka haifi wannan cikin shekara ɗaya da rabi, banda bashin mai ruwa da adashi da ke kaina a waje.

Na kwana biyu a hannun jandarma. Ba wanda ya taɓa ni, kuma abin mamaki daren farko a kan siminti na yi barcin da rabona da irinsa tun 2014, don babu sauran abinda zan ɓoye. Kawu ya taso daga Garwa ya zauna da mutanen kamfani, da aka ɗauko ƙaramin kayen nan daga kujerar mashin aka bi shi layi-layi suka ga ko dala ban kai gidana ba, sai suka yarda a biya a kashe maganar ba sai an je kotu ba, aiki dai ya ƙare. Inna ta sayar da filin da ta gada wajen mahaifinta, shi kaɗai ne abinda ta mallaka a duniya. Matata da jaririya a baya ta cire 'yan kunnenta na zinari da sarƙa ta haɗa da keken ɗinkinta ta ba Kawu ba tare da ta tambaye ni ba. Kawu ya cika sauran.

Ranar da na dawo Garwa na shiga ɗakin Inna na zauna a ƙasa na kasa ɗaga kai. Na zaci faɗa za ta yi. Ta daɗe bata ce komai ba, sannan tace, ubanka ya yi min haka na yafe masa don ya riga ya tafi ban samu na tambaye shi ba, kai ga ka a raye to gaya min, me na yi muku da kuke ganin ba zan iya ɗaukar magana ba? Na haifi bakwai na binne biyu kafin ku, wace magana ce za ta kashe ni? Da ka zo min tun yana dubu ɗari tara da ni da 'yan uwana mun rufe shi filina yana nan. Ban iya bata amsa ba, kuma har yau da nake rubuta wannan ban samu amsar ba. Shekara takwas ina jin haushin abinda Baba ya bar mana a ɓoye, ashe sawunsa nake takawa ɗaya bayan ɗaya ina kiran abin jarumta.

Kusan shekara guda na yi bana fita sai masallaci, shi ma na asuba da isha da ba a cika ganin fuska ba. Barin tramol ya ba ni wuya sati uku ina zufa ina rawar sanyi, matata ce ta tsaya a kaina. Garwa kuma ba a ɓoye magana, wasu sun ce na gina gida a ɓoye wasu sun ce caca ce. Wanda ya fito da ni wani dattijo ne mai sayar da kaya a sari, tsohon kwastomana tun ina zagayen cikin gari, ya aiko a kira ni yace ɗana na ji abinda ya faru kuma na tambayi yadda ya faru, ɓarawo baya rubuta abinda ya sata a kaye. Ina son mai fita min da kaya ƙauyuka amma da sharaɗi, duk daren duniya za ka zo nan mu rufe lissafi tare ko da ƙarfe goma ne, in dala biyar ta ɓata a daren zan ji, in kuma na ji a bakin wani kafin bakinka mun rabu. Nace na yarda Baba. Wata na biyu wani mai shago a Adumri ya gudu da kayan dubu 70, tun daga can har Garwa zuciyata na saƙa min yadda zan rufe shi ba tare da an sani ba, tsohuwar hanyar nan tana nan a buɗe tana kirana, na tsaya a ƙofar shagon dattijon ya fi minti goma kafin na shiga na faɗa. Ya yi faɗa sosai, ya cire rabi a kuɗina ya ɗauki rabi, muka sha shayi na tafi gida na yi barci.

Shekara takwas kenan ina tare da shi, yanzu yara huɗu ne a ƙarƙashina. Matsi bai ragu ba ko kaɗan. Najeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019, korona ta zo a 2020, a 2023 aka cire tallafin mai a Najeriya zuwa-zuwa ya yi tsada kuɗin mota ya tashi, naira kuma ta faɗi kayan can suka riƙa shigowa da arahar da namu basa iya gogayya da su. An samu na daɗi ma, lokacin gasar kofin Afirka a Janairun 2022 da Najeriya ta buga wasanninta a filin Rumde Ajiya garin ya cika da baƙi, ruwan gora da lemo da biskit sai da muka rasa na sayarwa. Bashin Kawu na gama biya a 2021. Filin Inna kam an riga an yi gini a kai, duk sanda na bi ta layin sai na kau da kai. Maganin hawan jini kullum da safe, likita yace ni da shi har ƙarshen rayuwa, gishiri da dunƙulen miya an rage min.

Ni ban ce kar kowa ya shiga aikin talla ba, ina son aikin nan har raina, shi na iya kuma shi ke ciyar da 'ya'yana uku, kuma yana cikin ayyuka ƙalilan a ƙasar nan da wanda bai da babbar takarda bai ci konkur ba, wato jarrabawar shiga aikin gwamnati, zai iya shiga ya yi gaba da ƙoƙarinsa. Amma matsin kala-kala ne kuma ya kamata mutum ya san wanda zai iya. Masu yawo da layin waya da buɗe wa mutane asusun kuɗi na waya, nasu rana ce da yawan a'a, mutum hamsin su ƙi ka kafin biyar su yarda, amma da dare ba ka bin kowa ba a binka. Masu inshora da masu sayar da sola sai mai dogon numfashi, ka yi wata biyu kana bin mutum ɗaya kuma yawanci in ba ciniki ba kuɗi. Namu na raba kaya da na masu karɓar ajiyar kullum a kasuwa shine mai hatsarin, don dukiyar mutane ce ke kwana a jakarka kuma kai kaɗai ka san gaskiyar abinda ke ciki. Cikin yarana huɗu wanda na fi natsuwa da shi shine mai yawan ƙorafin, wanda zai kira ni tun daga Figil yace Oga wane ya ce sai jibi kuma ban yarda da idonsa ba, kar a ƙara masa kaya. Mai shirun cikinsu kuwa, wanda kullum amsarsa ba matsala, littafinsa nake fara buɗewa kuma ina zama da shi in tambaye shi gida lafiya, barci fa.

Yaron da ya kawo min takardar nan na zaunar da shi a kan benci na ba shi labarin nan tun daga Amshide har ɗakin Inna, abinda ban taɓa yi wa wani a unguwar ba. Ya yi shiru yana wasa da wayarsa, can yace to Yaya in fasa kenan? Nace a'a kai takardunka, amma kafin su kira ka ranar Lahadi ka zo da asuba ka bi ni Pitowa, ka taho da gorar ruwa da hula. Zai riƙe min littafin faktir ya ga yadda ake sauke kaya da yadda ake karɓo kuɗi, da dare kuma mu je wajen dattijo tare, shi zai karanto lissafin da bakinsa har da na waɗanda basu biya ba.